Allurar Dattijuwa

Ina riƙe da bakin jarka lokacin da mai ya sarƙe Malam Namadi.

Ya durƙusa a bayan motarsa, gindin dogon yaron da ke tsakanin ƙofar gidansa da tawa. Ya zura tiyo cikin tanki, ya kafa baki a ɗaya gefen yana zuƙa. Na sha ganinsa yana haka. Zuƙa biyu yake yi, a ta uku ya zare baki, ya tofar, ya jefa tiyon cikin jarka. Ran nan ya yi biyu, man bai zo ba. Ya ɗago ya dube ni, ya koma ya ja da ƙarfi. Tankin cike yake har wuya. Man ya taho gaba ɗaya.

Ya saki tiyon ya dafa ƙasa da hannu biyu. Tari ya turnuƙe shi, irin wanda ba ya barin mutum ya ja numfashi. Idanunsa suka yi ja, hularsa ta faɗi cikin man da ke malala. Ni kuwa na kama tiyon na cusa a jarka, ba don hankali ba, don dai hannuna ya rasa abin yi.

Matarsa Salima ta fito ba ko mayafi.

"Malam, mi ya same ka?"

"Mai ya sha," na ce. "Ki riƙe shi, in ɗauko manja."

Abin da na sani ke nan. In yaro ya sha kananzir, a ɗura masa manja, a sa shi ya amayar. Haka uwata ta yi wa ƙanena a Zurmi muna yara, ga shi nan da ransa har da jikoki. Na kawo manja a ludayi, muka ɗura masa. Salima ta ciro gashin kaza daga shinge ta miƙo mini, na sa masa a maƙogwaro. Ya yi amai sau biyu, na biyun ya sake sarƙe shi har ya kwanta a gefe. Muka yi ta shafa masa baya muna sannu.

Can ya zauna, ya share hawaye da hannun riga. Ya dubi jarka.

"Ta cika?"

"Malam, bar ta jarka."

"Zuwaira, man da ni sha a duniya in anka tara shi, ya kai mota Legas ya maido ta. Canza jarka, kar ya zube."

Ranar Litinin ce, da hantsi.

Malam Namadi maƙwabcina ne a Kaura Namoda shekara ashirin da shida. Abokin mijina ne, kuma shi ya wanke shi da ya rasu. Direba ne tun jirgin ƙasa yana zuwa garin nan da lodi. Motarsa irin dogayen nan ce na da, masu layi uku na kujeru, fara, fentinta ya koma kalar nono. Ta girmi ɗiyata. Dattijuwa yake ce mata, haka duk unguwa ke kiranta. Ya daina haya da ita tun da ƙafarsa ta fara ciwo, amma kullum bayan asuba sai ya tashe ta, ya saurare ta, ya kashe.

Saboda ni ya buɗe tankin. Ɗiyata ta fari, ba na kiran sunanta da baki, amma tunda rubutu ne zan sa: Rahama. Tana aure a wani ƙauye gaba da Birnin Tsaba, da ciki wata takwas. Mijinta Halilu ya hau tudu ya kira ni ranar Asabar, don a can ne kawai waya ke kamawa. Ya ce mutanen daji sun aiko wa ƙauyen da ke kusa da su, kowa yana kwashe iyalinsa. Ya ce ba za ta iya hawa babur ba, ƙafafunta sun kumbura. Na zaga tasha, duk direban da na tambaya sai ya ce zai tsaya a bakin titi, amma ba ya sauka daga kwalta. Gero ya yi tsawo a lokacin, ya shanye mutum har da hannu a sama. Ba wanda ke son shiga tsakanin gonaki.

Da na dawo na zauna a zaure. Malam Namadi ya leƙo.

"Alhamis motoci na tahiya a jere da rakiya," ya ce. "Mu bi su. In mun kai mararraba in sauka in ɗauko ta. Ni na kai ta ɗakin nan, ni za ni maido ta."

Da safiyar Litinin ya je ya cika tanki. Ya dawo ya kira ni ya nuna mini gejin mai. Allurar tana kwance a ƙasa kamar babu ko ɗigo. Ya ce shekara biyu ke nan tana haka. Da kara yake aunawa, ya tsaya, ya zura a tanki, ya duba inda ya jiƙe.

"To ai ka cika ta," na ce. "Ka bar ta mana. Nan da can nawa ne?"

"Wata shekara, hanyar Shinkafi, dutse ya huda min tanki ban sani ba. Ina tahiya mai na bin ƙasa, sai da mota ta mutu cikin daji. Wancan zamanin makiyaya sunka ba ni hura, na kwana gindin tsamiya lahiya lau." Ya buga gilashin gejin da farce. "Yanzu in ta mutu da ɗiyarki a ciki, wa za ya ba mu hura? Kuma wa ka tsayawa wagga hanya ya zura kara? Ina son abin da za ya gaya min gaskiya ina bisa tahiya."

Abin da ke gaya wa allura gaskiya yana cikin tanki, fulot sunansa. Ba a buɗe wurinsa tanki na cike, sai an rage. Shi ya sa tiyo, shi ya sa jarka.

Bayan aman nan na ce ya shiga ya kwanta. Bai ko dube ni ba. Ya cire kan batir. Ya sa Salima ta kashe wutar murhunta da ke bayan katanga. Wani mai keke napep ya tsaya kallo da sigari a hannu, ya kore shi har bakin kwata. Ya buɗe but, ya ɗage tsohuwar tabarmar roba, ya kwance wani ɗan faifan ƙarfe. A ƙarƙashinsa ga kan fulot, da waya guda, da zoben ƙarfe da ya danne shi, duk tsatsa.

"Ara min muciyarki."

"Muciyar tuwo?"

"Ita. In na sa kurfi na buga, ƙarhe ya haɗu da ƙarhe, ƙyas ɗaya ya isa. Sai dai a tsinto mu Gusau. Icce ba ya wuta."

"Ka ɗauki ta matarka mana."

"Tata ta gaji. Taki ce ba ta aiki, tunda ke kaɗai ce kullum taliya."

Na kawo masa. Muciyar kanya ce, tun ta aurena. Ya kafa gindinta a haƙorin zoben, ya riƙa bugun kanta da guntun turmi a hankali. Mu duka muka ja baya har jikin katanga. Wuta muke tsoro, ni da Salima da matan da ke leƙe ta zaure. Ba wanda ya kula da tarin da yake yi tsakanin bugu da bugu.

Zoben ya juya. Ya ɗaga abin a hankali, yana karkata shi kamar mai fitar da ɗan akuya. Dogon hannu ne na waya, da ɗan gwangwanin tagulla a bakinsa, bai fi ƙwan zabo ba. Ya kai shi kunnena ya girgiza. Na ji ruwa yana motsi a ciki.

"Kin ji? Aikinshi iyo bisa mai, awa gora bisa ruwa. Ya huje, ya sha, ya nutse. Shi ad dalili."

"Kamar mai shi," in ji Salima.

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari.

Ya rufe ramin da tsumma da faifan, ya ce in ɗora ruwa a gidana, nesa da mota. Da ya yi zafi ya tsoma gwangwanin a ciki. Muka sunkuya mu uku a kan tukunya. Sai ga ƙananan kumfa suna fitowa a jere daga gefe guda, wurin da ido ba ya gani. Ya yi masa alama da ƙusa. Ya shanya shi a kan katanga ya ce sai ya bushe sarai, gobe a kai wa mai gyaran fitila a kasuwa ya liƙe da dalma.

Ya miƙo mini muciyata. Haƙorin zoben ya ci gindinta, ya yi mata gurbi.

Da la'asar na ji shi ta katanga. Katangarmu ba ta da tsawo, ina jin har ƙarar butarsa. Ba tarin mura ba ne. Busasshe ne, gajere, ba ya tsayawa.

Talata bai fito tada mota ba. Wannan ne ya fara nuna mini jikin ya yi tsanani. Na shiga na same shi zaune a tabarma ya jingina da bango, jikinsa zafi rau. In ya yi gyatsa ɗakin duk sai ya ɗauki warin mai. Salima ta dama kunu, ya kurɓa sau biyu ya ture.

"Kin kai gwangwanin?"

"Malam, asibiti za mu."

"Kin kai?"

Na kai. Mai gyaran fitila ya ce in dawo da safe.

Da yamma Laila ta dawo daga aiki. Ma'aikaciyar jinya ce, tana haya a layinmu. Salima ta tare ta a hanya tun ba ta cire farin kaya ba. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta sa abin sauraro a bayansa, ta daɗe tana ji. Ta kama yatsunsa ta duba farce.

"Baba, tun yaushe?"

"Jiya da hantsi. Ɗan kaɗan ne."

Ta juyo wurinmu. "An sa shi amai?"

Salima ta dube ni. Na ce an sa.

Laila ta naɗe abin sauraronta a hankali, ta sa a jaka. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

"Ba haka aka yi ba?" na ce.

"Inna, mai in ya tsaya ciki, da sauƙi. Huhu ne ba ya so. Wajen sarƙewa yana shiga, wajen amai yana ƙara shiga." Ta dube ni, ta sassauta murya. "Wataƙila tun zuƙar hwarko ya shiga. Ba mai iya sani. Amma yanzu a ɗauke shi, kar a kwana."

"In na tahi kwantar da ni za su yi," in ji Malam Namadi.

"Ƙwarai kuwa, Baba."

"To tankina a buɗe yake, jibi Alhamis. In anka wuce ta, sai wata Alhamis, in akwai rakiya. Ke kin san abin da kwana bakwai ka yi a can?"

Na ce masa ya bar maganar ɗiyata, Allah na nan. Na faɗa da bakina, amma ba zan ɓoye ba, zuciyata ba ta bi bakin ba. Ina kallonsa yana jan numfashi da kafaɗu, ina lissafin kwana. Wannan shi ne abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai a takardar nan.

Laila ta roƙe shi, Salima ta yi kuka. Ya ce a kira masa Hashimu. Hashimu shi ne yaron motarsa na da, yanzu magidanci ne da furfura, yana jan bas tsakanin Kaura da Shinkafi. Aka same shi a waya. Ya ce yana Shinkafi, hanya ta rufe tun azahar, sai gobe da yamma in an buɗe.

"Za ka ja Dattijuwa ran Alhamis," in ji Malam Namadi.

"Maigida, ko ba ka ce ba."

"Giya ta biyu tana hita in ba ka dahe ta ba."

"Na sani, maigida. Ni ta hwara yi ma."

Ya ajiye wayar ya ce da Laila, gobe da safe zai mayar da fulot, daga nan ta kai shi duk inda ta ga dama. Na ce a kira makaniki daga gareji. Ya ce yaran yanzu kurfi za su sa, kuma ba su san irin wannan ba, za su lanƙwasa hannun.

Laraba tun kafin a gama buɗe rumfuna ina kasuwa. Mai gyaran fitila ya miƙo mini gwangwanin da ɗigon dalma a gefe, yana ƙyalli. Na girgiza a kunne, shiru. A hanyar dawowa na wuce tasha. An sauke wasu mata daga bayan akori-kura, da tabarmi da tukwane da awaki biyu. Na tambayi wata tsohuwa daga ina, ta faɗi sunan ƙauyen da ke kusa da na su Halilu. Ban ƙara tambaya ba.

Mu biyu muka fito da shi, ni da Salima, muka zaunar da shi a kujera a bayan mota. Leɓɓansa sun yi duhu. Ya karɓi fulot ɗin, ya miƙa hannu cikin but, hannun ya riƙa rawa har gwangwanin yana bugun ƙarfe. Ya gwada sau biyu. Sai ya miƙo mini.

"Ke za ki sa."

"Ni? Ban taɓa ko buɗe but ba."

"Kin taɓa karɓar haihuwa?"

"Sau nawa."

"To wannan bai kai can ba. Gwangwani ka hwara shiga. Karkata. A'a, wajen masallaci. Kar ki tura, bar shi ya sauka da kanshi."

Warin man ya cika mini kai. Ina ganin fuskata tana rawa a cikin ramin. Na karkata, ya ƙi. Na ɗan juya, sai na ji ya wuce, hannun wayar ya bi shi. Ya ce in daidaita robar da ke bakin ramin da yatsa, kar ta naɗe. Na ɗora zoben. Salima ta kawo muciyar. Gurbin da ke gindinta ya zauna daidai a kan haƙorin, kamar don shi aka sassaƙe ta.

"Buga. Ba daka nic ce ba, Zuwaira. Awa kina ƙwanƙwasa ƙohwar surukai."

Na buga har ya ce ya isa. Muka mayar da man jarka biyu ta mazurari. Ya nuna mini yadda zan mayar da kan batir. Muka kama shi ya zauna a mazaunin direba, ƙafafunsa a waje. Ya murɗa makulli.

Allura ba ta motsa ba.

Ya daɗe yana kallonta. Na ce a raina, mun kashe mutum a banza.

"Kin maida wayar?" ya ce.

Na koma but. Tana nan a gefe, a lanƙwashe, inda ya ajiye ta tun Litinin. Na cusa ta a kan ƙusarta. Ban kai ga zagayowa ba na ji Salima ta ce, "Ga ta nan." Na leƙa ta taga. Allurar tana tashi a hankali, ta wuce rabi, ta je ta tsaya kusa da ƙarshe, tana ɗan rawa.

"Yauwa," ya ce. Ya buɗe ɗan akwatin gaba ya duba. Akwai sabulun wanki guda a ciki, sabo, da tsumma. Ya rufe. "To, ku kira ɗiyar nan Laila ta kai ni."

A keke napep aka kai shi. Suka sa masa robar iska a hanci, suka ɗaura ruwa. Likita ya tambayi kwana nawa, aka ce uku, ya rubuta bai ɗago ba. Na zauna a bakin gadon har la'asar. Da Salima ta fita alwala na matsa kusa.

"Malam, ka yahe min. Ni na sa ka amai."

Ya buɗe ido. Magana tana yi masa wuya, sai ya tara numfashi kafin kowace.

"Shekara arba'in ina zuƙa. Ranar ta zo." Ya huta. "Amma manjanki ya yi tsami. Wannan kam ban yahe ba."

Na yi dariya ina kuka.

"In kun tahi," ya ce, sai ya tsaya. "Ke kar ki bi su. Wurin zama na mai ciki ne da kayanta."

Hashimu ya iso da magariba. Ya je asibiti ya durƙusa, suka yi magana ƙasa-ƙasa, ban ji ba. Alhamis bayan asuba ya tada Dattijuwa. Ta tashi bugu ɗaya. Na tsaya a ƙofa na ga ta karya kwana, sannan na nufi asibiti.

Ranar nan ban san yadda zan faɗe ta ba. Wayar Hashimu ta shiga sau ɗaya da hantsi, ya ce sun wuce da rakiya lafiya, yanzu zai sauka daga kwalta. Daga nan ba ta ƙara shiga ba. Ta Halilu ma haka. Ina zaune, hannu ɗaya da waya, ɗayan ina yi wa Malam Namadi fifita. Duk motar da ta wuce a titi sai ya motsa kai.

"Ita ce?"

"Ba ita ba ce, Malam."

"Na sani. Ita ba ta wannan kukan."

Wajen azahar ya daina tambaya. Salima ta riƙa yi masa kalmar shahada a kunne, leɓɓansa suna bi. Ana kiran salla a masallacin asibiti ya cika. Laila ta zo ta cire robar daga hancinsa, ta rufe masa ido.

Aka kawo shi gida, aka yi masa wanka a ɗakinsa. Mata suka cika tsakar gida. Na zauna kusa da Salima, wayar tana cikin zanena, ina jin kunyar taɓa ta, ina taɓawa. Can na sunkuya na ce mata, "Yaya Salima, ni ce sanadi."

"Wa ya miƙo miki gashin kazar?" ta ce. Ta kama hannuna ta riƙe, ba ta sake ba.

Bayan la'asar aka yi masa salla a ƙofar gida, daidai wurin da mota ke tsayawa, don nan ne fili. Maza suka ɗauke shi suka tafi. Layin ya zama ba namiji ko ɗaya, sai tabarmi a shimfiɗe da butoci. Hadari ya haɗu ta gabas bai zubo ba. Rakiya takan dawo kafin la'asar, kowa ya sani, ba wanda ya faɗa.

Salima ce ta fara ji. Ta ɗaga kai tsakiyar masu gaisuwa.

"Ga ta nan."

Ni ban ji komai ba sai da ta shigo layi. Ta taho a hankali, laka har tagogi, da katifa ɗaure a sama. Hashimu ya ga tabarmi, ya ga mata a zaure. Ya tsayar da ita gefe, ya kashe, ya kifa kansa a kan sitiyari.

Ɗiyata tana baya, ta miƙe ƙafafu a kan ƙullin kaya, Halilu na riƙe da ita, da wata mata da 'ya'yanta uku da suka tsinta a hanya. Na buɗe ƙofar. Ta kama wuyana. Ta dubi tabarmin, ta dube ni.

"Inna, ina Baba Namadi?"

Matan suka zo suka kama ta suka shiga da ita.

Hashimu ya fito ya tsaya jikin motar. Ya ce hanyar da suka shiga ba ita suka fito ba, don an ce musu akwai mutanen daji a kanta. Suka zaga ta wani kwari, ƙasan motar ya daki dutse. Bai ɗauka komai ba ne, sai ya ga allura tana sauka yana kallo, daga sama da rabi ta nufi kwata. Bai tsaya ba, wurin ba na tsayawa ba ne. Ya taka ta har Birnin Tsaba, cikin mutane, ya shiga ƙarƙashi ya murje hujin da sabulun da ke akwatin gaba. Rakiya ta riga ta wuce. Suka jira wasu motoci uku, suka biyo su.

"Ya san mun taho?" ya tambaye ni, sai ya gyara. "Ya san mun ɗauko ta?"

"Bai sani ba."

Ya gyaɗa kai. Ya tambayi wace maƙabarta, na faɗa masa. Ya miƙo mini makullin, ya cire hularsa ya kakkaɓe, ya tafi da sauri ko zai tarar da su.

Na tsaya ni kaɗai da Dattijuwa. Injin yana ƙas-ƙas yana hucewa. Na sunkuya na leƙa ƙarƙashinta. Ga farin sabulun manne a cikin laka, mai yana taruwa a gefensa, ya yi nauyi, ya ɗiga a ƙasa, daidai inda ya durƙusa ranar Litinin. Na shiga gida na ɗauko kwano, na tura a ƙarƙashi, na zauna a tushen dogon yaron ina jin ɗigarsa.